Awon Farko

Litinin, da hantsi

Yau na hau gadon sarauta. Likita ta ce in kwanta a gida, ban da ofis, ban da ɗaga ko bokiti, kuma a riƙa auna mini jini safe da yamma. Na ce mata ni aikin ƙididdiga nake yi a cibiyar bincike, daga ni sai kwamfuta da alƙaluman mutane, abu mafi nauyi da nake ɗagawa shi ne kofin shayi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ciki wata bakwai, jini yana neman hawa, kuma kin san abin da ke rubuce a katinki. Je ki kwanta." Na san abin da ke rubuce a katina. Na zo na kwanta.

Doka biyu ta ba mu. Ta farko, kada in kalli fuskar na'urar in ana awo, don ta lura da zarar na zuba wa lambobin ido sai jinina ya tashi kamar an zuga shi. Ta biyu, in lambar sama ta kai ɗari da hamsin mu taho asibiti, ko da loma ce a hannunmu. Kafin nan in riƙa tura mata sakamakon ta waya.

Saboda haka awo ya faɗa hannun maigidana. Kafinta ne, ma'auni ba baƙonsa ba ne, ko wanka zai shiga sai an tuna masa ya ajiye tef ɗin awonsa. Ya karanta takardar na'urar tun daga farko har ƙarshe, har da wuraren da aka rubuta da harsunan da ba ya ji. Shi zai auna ya faɗi lamba, ni in shigar. Na buɗe sabon fayil a manhajar da nake aiki da ita, na yanka masa gurabe: rana, lokaci, ta sama, ta ƙasa. Rabon da in tattara alƙaluma da hannuna har na manta, ga shi yau ni ce mai bincike kuma ni ce abin binciken.

Na safe, 134/86. Ba laifi.

Laraba, bayan la'asar

Yaya ta iso jiya da jakarta da dokokinta. Likita ba ta ce uffan game da gishiri ba, amma Yaya ta ɓoye shi inda ko ɓera ba zai gano ba. Miyar yau kamar an ɗauraye tukunya an miƙo mini ruwan.

Na ce, "Yaya, don Allah ko ɗan kaɗan."

Ta ce, "Auta, ki ci ki gode wa Allah. Ranar da kika sauka lafiya ni da kaina zan sayo miki buhu, ki yi ta lasa kamar akuya."

Kafinta kuwa ya dawo daga shago da ɗan teburi mai gajerun ƙafafu, wanda zan riƙa ɗora kwamfuta a kai ina kwance. Ashe da safen da ya zo yana zagaya ni da tef, tudun cikin yake aunawa don kada katako ya taɓa shi. Da ya ɗora na ga akwai sarari kusan tafin hannu tsakanin teburin da ni. Na ce yau dai awo ya kufce wa gwani. Ya ce, "Da gangan na bari, saboda gaba." Ya faɗa yana kallon ƙusa, ba ni ba. Tun da aka fara wannan tafiyar, wannan ce magana ta farko da ya yi game da gaba, kuma ta wadatar da ni har yamma.

Ba mu sa wa na cikin suna ba. Baƙo muke ce masa, in ta kama dole.

Alhamis, da safe

136/84. An kawo mini shayi har gado. Da na san haka kwanciya take da daɗi, da tuni na nema.

Asabar, da azahar

Mai Kaji ta zo. Likitar dabbobi ce, tana karatun digiri na biyu, tana gwada wani sabon haɗin abincin kaji ta ga ko ya fi tsohon sa ƙiba. Tun ina ofis nake taya ta sarrafa alƙalumanta, a can aka laƙaba mata sunan, kuma tana amsawa. Ta shigo da kwamfutarta a hammata, bakin nan har kunne.

"Malama, magana ta ƙare! Na fitar da matsakaicin nauyi. Kajin sabon abinci sun yi wa na tsohon fintinkau."

Na ce barka, amma kin kalli hoton alƙaluman kafin ki tambayi matsakaici? Ba ta kalla ba. Ba sa kallo, dukansu. Suna ganin manhaja kamar boka, a zuba mata lambobi ta faɗi sa'a. Na sa ta danna, kowace kaza ta fito a matsayin ɗigo guda. Ɗigogin suka taru wuri ɗaya, sai wani can sama shi kaɗai, kusa da rufin zanen. Kilo goma sha takwas.

Na ce, "Wannan kaza ce ko tunkiya?"

Yaya da ke ninke kaya a gefe ta ce, "In akwai irinta a sayar mini ɗaya, mu ci har wata."

Mai Kaji ta kai hannu za ta goge. Na buge hannun. Bare a cikin alƙaluma ba a korarsa sai an tambaye shi daga ina ya fito, wataƙila kuskure ne, wataƙila kuma shi kaɗai ne yake faɗin gaskiya. Ta buga wa mai kula da kejin waya ya duba, ashe kilo ɗaya da ɗigo takwas ne, ɗigon ne ya faɗi a hanya. Da aka gyara, fintinkau ya koma ɗan bambanci da sai an sa tabarau.

Na nuna mata dalili. Matsakaici tara duka ake yi a raba, saboda haka ƙato ɗaya yana iya jan kowa sama. Amma in kin jera kajin daga ƙarama zuwa babba kin ɗauki ta tsakiyar layi, ita ba ruwanta da ko ta ƙarshen giwa ce. Ki riƙa duba su biyun, in suka yi hannun riga, akwai labari. Ta rubuta, fuskarta kamar an ƙwace mata nama a baki.

Na ji daɗin yau ƙwarai. Ashe koyarwar nake kewa, ba ofis ɗin ba.

Lahadi, da yamma

Rana mai sanyi. An buɗe taga, labule yana ta kai da kawo, yaran maƙwabta suna rigima a kan ƙwallo. Kafinta bai fita ba, ya zauna a bakin gado yana goge wata 'yar kujera da takardar yashi, ɗakin duk ƙamshin katako.

Wajen awo ya ce maɗaurin ya zame daga damtsena, bari a sake. Aka sake. Ya ce in ɗan huta, in daina magana, ya koma ɗaya hannun. 135/85. Na zana layin makon, ya fito a miƙe kamar shi ya ja shi da rula. Na tura wa Likita, ta amsa da cewa madalla, in haka ne ba sai na zo wannan makon ba.

Da na karanta masa saƙon sai da ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kaɗa labule. Ni ma haka.

Talata, da hantsi

Mai Kaji ta waya. Yau kuma matsakaicin wani rukuni ne ya faɗi ƙasa warwas, ta rasa dalili. Na ce ta turo fayil ɗin. Ina buɗewa na ga sifili, sifili, sifili a wasu layuka.

Na ce, "Waɗannan fa?"

"Ai su ne suka mutu kafin ranar awo, Malama. Tunda babu su sai na sa sifili."

Na yi mata bayani a hankali. Sifili lamba ce, manhaja za ta ɗauka akwai wata kaza a tsaye a keji wadda ba ta da nauyi ko na gashi, ta haɗa ta cikin lissafi. Wanda ba a samu aunawa ba, gurbinsa ake bari fanko, a rubuta a gefe abin da ya same shi da ranar da ya faru. Ba a goge layinsa kuma, don an fara da shi, ya ci abinci, an ƙirga shi. Na ce mata gurbin da babu komai daban, sifili daban.

Ta ce, "Malama, muryarki ta canza. Ko in bari sai anjima?"

Na ce layi ne ba kyau.

Daga inda nake kwance ina hango ƙaramin akwatin kayan jariran nan a saman kwaba. Shekararsa ta huɗu ke nan a wurin. Yaya ta goge masa ƙura jiya, ba ta buɗe ba. A ofis kullum ina gaya wa ɗalibai cewa mutum biyu ba samfuri ba ne, ba a yanke hukunci a kan abin da ya faru sau biyu kacal. Kaina ya yarda da wannan. Sauran jikin ne bai halarci ajin ba.

Laraba, da sassafe

Baƙo ya harbi teburin Kafinta har kwamfuta ta girgiza. Sararin da aka bari ya fara cikewa.

Juma'a, bayan azahar

Zobena ya ƙi fita. Yaya ta sa sabulu ta murza har ya fito, ta tsaya tana kallon ƙafafuna da suka yi suntum. Ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na ce kumburi ai na masu ciki ne, kuma ga alƙaluma nan lafiya lau, na juya mata kwamfutar. Ta ce ita ba ta iya karanta tsutsar nan ba, ta fita.

Don in kashe lokaci sai na tambayi manhaja ta ba ni ma'aunin warwatsuwa, wato yadda lambobin ke nisanta da matsakaicinsu. Ya fito ɗan mitsitsi. Jinin mai rai wasa yake yi, na safe daban, na yamma daban, in an yi dariya ko an ji haushi ya nuna. A makonnin da nake zuwa asibiti lambobina tsalle suke yi ko'ina. Yanzu kuwa duk sun jeru tsakanin 132 da 138, kamar 'yan makaranta sun hango hedimasta. Da ɗalibi ne ya kawo mini irin wannan, da na tambaye shi a ƙarƙashin wace bishiya ya zauna ya cike su.

Na daɗe ina kallo. Sai na ce kwanciya ce ta karɓe ni, da miyar Yaya marar gishiri. Na rufe kwamfutar.

Da yamma maɗaurin ya sake zamewa. Wannan maɗauri akwai santsi. Na lumshe ido, ina jin yatsunsa suna gyara shi a hankali kamar mai ɗaura wa jariri hula. 136/86. Muka sha shayi, ya ba ni labarin wani da ya kawo masa ƙofa a gyara, alhali bangon ne a karkace. Na yi dariya har Baƙo ya motsa.

Asabar, da yamma

Kaina yana ɗan sarawa. Kallon kwamfuta ne ya yi yawa.

Lahadi, da safe

134/85. Kan bai daina ba. Ban rubuta wa Likita wannan ba, tunda babu gurbinsa a fayil.

Litinin, da azahar

Mai Kaji ta sake zuwa, yau da murnar da ta fi ta farko.

"Malama, ta sauko! Lambar p ta sauko ƙasa da 0.05!"

Wannan lamba ita ce aljannar ɗalibai. Abin da take faɗa kawai shi ne, da a ce abincin biyu duk ɗaya ne, sau nawa dace kaɗai zai iya kawo bambanci irin wanda aka gani. In ta yi ƙanƙanta sai a ce da wuya dace ne. Makon jiya tata ta ƙi sauka. Na tambaye ta me ya canza.

Ta ce ba wani abu. Ta dai gwada wani gwajin a manhaja, bai ba da ba, ta gwada wani. Sannan ta ware zakaru ta bar kaji zalla. Sannan ta ga awon mako na biyar ya fi na shida kyau, sai ta ɗauki na biyar. Akwai kuma wani keji da ta sa aka sake aunawa bayan sun ci sun ƙoshi.

Raina ya ɓaci, har na tashi zaune ba tare da an tallafe ni ba. Na ce, "Ke, wannan ba bincike ba ne, roƙo ne. In kika yi ta jefa ƙwallo a raga ido rufe, wata rana za ta shiga, sai ki ce kin iya? Tun kafin ki ga sakamako ake yanke yadda za a auna da lokacin da za a auna, kuma abin da ya fito shi ne ya fito. Gobe wani zai karanta takardarki ya zuba wa kajinsa dubu wannan abincin saboda ya yarda da ke. Wanda yake ta aunawa har sai ya sami lambar da ransa ke so, ya ɗauke ta ya zubar da sauran, ba ya neman gaskiya, kwanciyar hankali yake nema. Kuma wanda ya karɓi lambar ya shigar alhali yana ji a jikinsa…"

Nan na katse maganar. Hannuna na dama yana kan damtsena na hagu, daidai inda maɗaurin ke zama, wurin har ya yi ɗan tsami saboda yawan matsa.

Ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, zan mayar da komai yadda yake."

Na ce ta mayar. Na ce rashin samun bambanci ma sakamako ne, ta rubuta shi da kai a ɗage. Ta tafi tana ta ba ni haƙuri, ita a zatonta da ita kaɗai nake. Laifi tudu ne.

Yanzu ina jiran ya dawo daga shago. Tsoro nake ji, kuma gara in rubuta shi da sunansa.

Talata, da hantsi, a asibiti

An ba ni gado kusa da taga, an sa mini ruwa a hannu ɗaya, da ɗayan nake rubutu. Bari in faɗi yadda jiya ta kasance.

Ya dawo kafin magariba, ya wanke hannu, ya ɗauko na'urar kamar kullum. Ya ɗaura, ta matse, ta saki. Na ga idonsa ya sauka a kan lambar ya ɗauke da sauri. Ya kai hannu zai kwance maɗaurin, na ɗora nawa a kan nasa.

Na ce, "Ta farkon nake so."

"Ai zamewa ya yi, bari in…"

"Maɗaurin nan lafiyarsa ƙalau, Maigida. Nawa ta ce?"

Ya ajiye na'urar a kan gado. Sannan ya ce, "Ɗari da sittin da huɗu."

"Jiya fa? Ta farkon."

"Da hamsin da takwas. Amma in kin huta, na canza hannu, tana saukowa. Wallahi ban taɓa ƙirƙiro lamba ba, duk wadda na faɗa miki na'urar ce ta nuna. A sana'armu in awo bai yi ba, sakewa ake yi."

Na ce, "In katako ya fi ƙofa tsawo, sake aunawa kake yi har tef ya gaji ya ce ya yi daidai?"

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, ya ba ni baya. Mutumin da ko guduma ta sami yatsansa ba ya cewa wash, na ga kafaɗunsa suna rawa.

Ya ce, "Sau biyu ina kai ki wurin nan da hannuna. Sau biyu ina dawowa da ke, ina mayar da akwatin can sama ba a buɗe shi ba. Sai na ce a raina, in lambar ba ta kai ba, ba za mu je ba. In ba mu je ba kuwa…" Bai ƙarasa ba.

Na so in yi faɗa, na ma tanadi kalmomin tun azahar. Amma da wane baki? Na ce, "Hannuna ake matsewa, ina ƙirgawa. Tun Juma'a na ga zanen ya yi kyau fiye da kima, na rufe kwamfuta. Kai ka zaɓo, ni na shigar, ni na tura wa Likita. Mu biyu muka yi aikin nan." Na shafa kansa, garin katako ya cika mini tafin hannu.

Yaya tana bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta ce, "To sannunku, masu ilimi da masu sana'a. In kun gama koke-koken, wani ya nemo mota."

Ya miƙe ya share fuska. Har ya kai ƙofa sai ya dawo, ya jawo kujerar da ya gama gogewa ranar Lahadi, ya taka, ya sauko da akwatin. Ba wanda ya ce ya ɗauko. Ya rungume shi a ƙirji har cikin mota.

Likita ba ta yi mana faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan zafi. Ta saurara, ta ce a ɗebi jini da fitsari, ta ce, "Da kun ƙara kwana biyu da wani zancen muke yi. Yanzu dai kun zo." Nan nas ce take awo, kuma da ƙarfi take faɗin lamba, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba.

Laraba, da yamma

Jinin ya ƙi sauka duk da magani. Likita ta ce gobe da safe za a shiga da ni tiyata. Baƙo yana motsi. Yana motsi.

Asabar, ban san ƙarfe nawa ba, rana dai ta fito

Baƙo ashe baƙuwa ce.

Kukanta kamar na ɗan kyanwa, amma kuka ne, na ji shi da kunnena kafin su wuce da ita. Tana cikin kwalba a ɗakin jarirai. Kilo ɗaya da ɗigo shida. Da aka gaya mini sai da na yi dariya har ɗinkin ya ja, don kazar Mai Kaji ta nan, bayan an mayar mata da ɗigonta, ta fi 'yata nauyi.

Jiya aka tura ni a keke na gan ta. Yatsunta duka biyar ba su gama zagaye ɗan yatsana ba. An buɗe akwatin, hular da ta fi kowace ƙanƙanta ma ta rufe mata ido, sai da nas ta naɗe bakin. Yaya ta tsaya a bayan gilashi tana kuka tana cewa hancin gidanmu ne.

Jinina ya fara sauka, yana hawa yana sauka, zanen duk ya yi kwan-gaba-kwan-baya. Ban taɓa ganin zane mai muni da ya faranta mini rai haka ba.

Litinin, da safe

Yaya ta cika alkawari, da ƙullin gishiri ta zo a jaka, ta ce buhun yana gida. Mai Kaji ta aiko saƙo, ta mayar da zakarunta da mako na shida, bambancin ya ɓace, kuma malaminta ya ce ta rubuta hakan, aiki ne mai kyau. Ta ce in ta kammala za ta kawo wa jaririya kaza. Na ce ta kawo mai kilo goma sha takwas ɗin.

Kafinta ya kawo mini teburina daga gida. Yanzu sararin da ke ƙarƙashinsa ya yi yawa. Na buɗe sabon fayil don nauyin yarinyar. Layi biyu na farko, na yayyenta, na bar su fanko, na rubuta ranakunsu a gefe, ita na fara ta a na uku. Ya gani, ya gyaɗa kai.

Da safe ake auna jarirai, kuma ni ba a bar ni in yi ta zirga-zirga ba tukuna, saboda haka shi ya je. Na jiyo takunsa a baranda, na san tafiyarsa in labari mai daɗi ne, wannan ba ita ba ce. Ya tsaya a bakin gadon, hularsa a hannu.

Na ce, "Nawa?"

Ya dube ni cikin ido ya ce, "Ta ragu. Ɗaya da ɗigo biyar da biyu. Nas ta ce haka suke yi a kwanakin farko, sannan su ɗauko. Sau ɗaya aka ɗora ta, kuma ban ce a sake ba."

Gabana ya faɗi, sannan ya koma wurinsa. Na jawo kwamfutar na rubuta lambar yadda ya faɗe ta, shi kuma ya zauna kusa da ni muna jiran ta gobe.